A Yi wa Tsohuwar Bishiya Aure Kafin Gatari Ya Iso

Manoman da suka wuni suna sharar gona da kai taki kafin ruwa ya sauka, sannunku da aiki. Iyayenmu mata da suka ajiye rediyo a gefen murhu, sannunku da hidima.

Wani matashi daga Shanono ne ya jawo mana sharhin yau. Ya shiga Kano, ya biya ta kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa, ya ga wani ɗan itace jere a kwali. Ɗan'uwan tuffa ne, sai dai shi gindinsa da faɗi, wuyansa a tsuke, kamar 'yar ƙaramar gora. Masu sayarwa fiya suke ce masa, amma ba fiyar nan mai ƙwallo ɗaya da maiƙo da ake kawo mana daga Jos da Mambila ba ce. Wannan ta ƙasashen sanyi ce, daga ƙetare ake shigo da ita. Ya sayi ɗaya da tsada, ya ci, ruwanta ya gangaro masa har gwiwar hannu. Sai ya ƙulle 'yan ƙwayoyin da ke ciki a takarda ya kawo gida. Tambayar da ya yi mini ita ce, in ya shuka su a bayan ɗakinsa, shekara nawa zai jira?

Ƙanena, na ji daɗin tambayarka. Saurayin da zai ci abu mai daɗi, zuciyarsa ta tafi ga shuka, akwai alheri a tare da shi. Amma ba zan ɓoye maka ba, wannan bishiya ba za ta haifar maka komai a Shanono ba. Tana da wani barci da dole ta yi kowace shekara. Ganyenta ya zube, ta tsaya ƙyam kamar busasshiya, kuma sai ta tara ɗaruruwan sa'o'i cikin sanyin da bai haura digiri 7 ba kafin idanunta su farka su yi fure. Mu kuwa hunturun da muke kuka da shi a Janairu, wanda ke sa tsofaffi kwana da kaskon wuta, yawanci a digiri 12 ko 13 yake tsayawa da asuba, kafin hantsi rana ta ƙwalle. Ga kuma zafin Afrilu da ke haura 40. Ko ta tsiro ta rayu, ganye kawai za ka yi ta kallo.

Akwai abu na biyu, kuma shi ne ya sa na ɗauki tambayarka zuwa wannan fili. Ko a ƙasashen da take yi, ba wanda ke shuka ta daga ƙwaya yana sa ran samun irin wadda ya ci. Ƙwaya ba ta riƙe amanar uwarta. Duk wata fiya mai suna da Turawa ke alfahari da ita, asalinta bishiya ɗaya ce tak da ta fito a wani gida ko wani lambu, wani mutum ya ɗanɗana ya ce wannan daban take, ya yanki reshenta ya haɗa shi da gindin wata, wato ya yi mata aure. Akwai wadda ake kira Williams, wadda ta fito a garin Aldermaston na Ingila, a farfajiyar wani malamin makaranta, tun kafin 1770. Da aka kai ta Amurka, sai a 1817 wani mutum mai suna Enoch Bartlett ya sayi filin da aka dasa ta, bai san sunanta ba, ya laƙaba mata nasa. Har gobe suna biyu take amsawa. Akwai Komis, wadda ta fara haihuwa a wani lambu a birnin Angers na Faransa a 1849, kuma masana abin da yawa suna ganin babu kamarta wajen daɗi. Malamin makarantar nan ya rasu fiye da shekara 200, amma wanda ya ci Williams yau, jikin bishiyar ƙofar gidansa yake ci, don reshe ne aka yi ta miƙawa daga hannu zuwa hannu. A wani wuri da ake kira Brogdale a Ingila, an ware gona guda don ajiyar irin waɗannan: tuffa iri fiye da 2,000, fiya iri fiye da 500, kowane iri bishiya biyu, saboda in ɗaya ta mutu ɗaya ta tsaya.

To mu fa? Mu ma muna da namu, kuma suna ƙarewa muna kallo.

A gidan da na tashi akwai mangwaro a bakin rijiya. Mangwaron Inna muke ce masa, don kakarmu ce ta dasa shi tun tana amarya, daga wani dashe da ɗan'uwanta ya kawo mata daga tafiya. Ba shi da girma sosai, bai fi cikin tafin hannun babba ba. Ko ya nuna bayansa kore ne, sai ɗan ja-ja a kafaɗa. Amma in aka yanka shi, ƙamshinsa har zaure. Ba zare ko ɗaya, ƙwallonsa siriri kamar ɓawo, kuma yana da wani ɗan tsami a ƙarshen zaƙinsa da ke sa mutum ya miƙa hannu ya ɗauki na biyu. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne jinkirinsa. Sai mangwaro ya ƙare a kasuwa, an yi shuka har gero ya fara rufe ƙasa, sannan shi yake nuna. Inna takan zuba a ƙwarya ta rufe da faifai ta aika wa masu jego da marasa lafiya. Na yi yawo daidai gwargwado, na ci Binta Suga, na ci Fafaranda, na ci Bakin Aku da Ɗan Kamaru, na ci Juli da Fita, kowanne da nasa daɗin, amma ban sake haɗuwa da wannan ba.

Bayan rasuwarta aka raba gado, bishiyar ta faɗo a rabon wanda ke bukatar wurin don ya yi wa ɗansa ɗakin aure. Ban ga laifinsa ba, gida ya cika, yaro ya isa. Masu itace suka zo suka yi ciniki, kafin la'asar an gama. Ni ina Kano a lokacin. Na san ana yi wa mangwaro aure, na sha cewa a raina baɗi zan kawo mai yi ya ɗebi reshe. Baɗin nan ce ba ta zo ba. Abin da ya rage mana shi ne ƙwallaye uku da wani ƙanena ya taɓa binnewa a bayan gida. Biyu suka rayu. Muka yi shekara bakwai muna jira, da suka haihu, ɗaya tsami kamar tsamiya, ɗaya kuma zare har ya hana mutum sakat da haƙora. Har yau in na tuna, abin yana ci mini rai, domin aikin rabin sa'a ne da reza da leda ya raba mu da shi har abada.

Na san wani dattijo yana saurare yana cewa, ai mu mun shuka ƙwallon mangwaro ya fito sak uwarsa. Gaskiyarka Baba, kuma ga dalili. Mangwaro gida biyu ne. In ka fasa ɓawon ƙwallon ka ciro ƙwayar ciki, wani za ka tarar da ita a rarrabe, gutsure uku, huɗu, biyar, a manne da juna. In ka shuka irin wannan, tsiro da yawa ke fitowa daga ƙwallo ɗaya, kuma akasarinsu hoton uwar ne. Yawancin ƙananan mangwaronmu na gargajiya masu zare haka suke, shi ya sa suka cika ƙasa ba tare da kowa ya wahala ba. Wani kuwa za ka tarar da ƙwayar guda ɗaya ce dunƙulalliya, mai ɓari biyu kamar wake. Wannan ɗa ne na uwa da uba. Ƙudaje da sauran ƙwari sun ɗauko garin fure daga wata bishiyar da ba ka sani ba, abin da zai fito kuma sai Allah. Yana iya fin uwar, amma sau da yawa baya yake komawa. Manyan mangwaro marasa zare, waɗanda asalinsu ya fito daga Indiya, galibi a wannan gidan suke. Saboda haka kafin ka dogara da ƙwallo, fasa ɗaya ka duba. Da mun san wannan, da ba mu yi zaman shekara bakwai ba.

Kada kuma a raina bishiyar da ta fito a bayan gida. Kent da Keitt, waɗanda Mali da Burkina Faso da Kwaddibuwa ke lodawa zuwa Turai suna karɓar kuɗin waje, sunayen masu gidajen da suka fara fitowa ne a jihar Fulorida ta Amurka. Wanda ya riga su, Haden, wani tsohon soja ne ya shuka ƙwallayensa a 1902, ya rasu shekara guda bayan nan bai ga 'ya'yan ba. Matarsa Florence ce ta ci gaba da kula da su, har ɗaya ta haihu a 1910 aka ga ta fita daban. Duk lokacin da na karanta wannan labari, Inna nake tunawa. Bambancin kawai shi ne can an samu wanda ya zo da wuƙa ya ɗebi reshe, ya rubuta suna. Wa ya sani ko a Faruruwa, ko Kokiya, ko Leni, ko Shakogi, akwai wata bishiya a tsakar gidan wata tsohuwa da ta fi Kent, ba wanda ya san ta sai jikokinta da jemagu?

Bari in faɗi yadda ake auren, don mutane da yawa sun ɗauka wani sirri ne na ma'aikatan gona. Ba sirri ba ne, hannu ne da haƙuri.

Da gindi ake farawa, kuma yanzu ne lokacinsa, tunda mangwaro na kasuwa. Nemi ƙwallon mangwaron gargajiya, mai zaren nan da ake rainawa, domin shi ya san ƙasarmu, ya san farinmu, saiwarsa na nutsawa. Ƙwallon mangwaro ba ya ajiyuwa, in ya yi makonni a yashe ya mutu, don haka a shuka shi cikin kwanakin da aka sha shi. A fasa ɓawon a hankali kada a ji wa ƙwayar ciwo, a sa ta a leda mai zurfi da aka huda ƙasanta, a cika da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, a ajiye a inuwa. In tsiro da yawa suka fito, a bar mai ƙarfi ɗaya. Kada ka shuka biyu ko uku, shuka goma ko ashirin, don hannun mai koyo sai ya ɓata kafin ya gyara. Tsakanin wata shida da shekara guda zai kai kaurin fensir. To ya isa aure.

Sai a je wurin uwar bishiyar, wadda ake so a ceto. A zaɓi ƙarshen reshe mai lafiya wanda ganyensa ya riga ya yi kore shar ya ƙosa, ba sabon toho mai ja ba, kuma kaurinsa ya yi daidai da na gindin. A nan akwai wata dabara da masu gaggawa ke tsallakewa. Kada ka yanke shi ranar. Ka tsinke ganyensa da almakashi ka bar guntayen hannayen ganyen, ka tafi ka ba shi mako guda zuwa kwana goma a jikin uwarsa. In ka dawo za ka ga guntayen sun zube da kansu, idon da ke ƙarshen reshen ya kumbura yana shirin fashewa. A lokacin ne za ka yanke shi, tsawon kamar taƙi ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan, da sassafe, ka naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma, kuma a ranar za a yi aikin.

Ka yanke kan gindin a inda jikinsa yake tsakanin kore da ruwan ƙasa, ka bar masa 'yan ganye a ƙasa. Ka tsaga shi ta tsakiya, zurfin kamar gaɓar yatsa ɗaya da rabi. Ka fiƙe ƙasan reshen ta gefe biyu kamar bakin gatari, da sabuwar reza ko wuƙar da aka wasa sosai, jan hannu ɗaya a kowane gefe, kada yatsa ya taɓa wurin yankan. Ka zura shi cikin tsagar. Duk aikin a wuri ɗaya ya rataya: akwai wani siririn sashe mai ɗanyen kore tsakanin ɓawo da itace, ta nan ne jiki ke haɗuwa da jiki. Dole na reshen ya zauna a kan na gindin, ko da ta gefe ɗaya ne. In ɓawo bai sadu da ɓawo ba, ko ka ɗaure da igiyar rijiya ba zai kama ba. Sai ka yanka leda siririya ka naɗe wurin tam, daga ƙasa zuwa sama, yadda ruwa ba zai shiga ba. Ka kifa wata farar leda a kan reshen don kada ya bushe, ledar ruwan sha ma ta wadatar. Ka mayar inuwa. Cikin mako biyu zuwa uku, in Allah ya yarda, za ka ga jan toho ya ɓullo, sai ka cire ledar sama. Ta ɗaurin kuwa a bar ta har wurin ya warke, sannan a kwance kafin ta shaƙe shi. Duk tohon da ya fito daga ƙasan ɗaurin a tsinke shi nan take, domin na gindin ne, in aka ƙyale shi zai ƙwace abincin ya kashe baƙon.

A guji yin wannan aiki cikin busasshiyar iskar hunturu, a kuma guji tsakiyar marka lokacin da komai ke ruɓewa. Farkon damina, da ɗumi da laima, ya fi kamawa. Kuma wanda ke da babbar bishiya mai tsami da ya gaji da ita, ba sai ya sare ta ba. Ana datse manyan rassanta, in sababbi suka fito suka yi kaurin fensir a yi musu aure, cikin 'yan shekaru ta koma haihuwar mai daɗi, da tsohuwar saiwarta da ta riga ta kai ga ruwa.

Ɗan aure yakan fara haihuwa a shekara ta uku ko ta huɗu, na ƙwallo kuwa sai shida, bakwai, har takwas. Sai dai ina roƙon mai dashe ya danne zuciyarsa. In ya ga fure a shekarar farko ko ta biyu, ya tsinke. Bishiyar da aka bari ta ɗauki kaya tun ƙashinta bai yi ƙwari ba, a tsugune take ƙarewa.

Maganar dasawa ba zan ja ta ba, manomi ya san rami. A yi shi da faɗi da zurfi, kamu ɗaya da rabi ko fiye, in an ci karo da marmara a fasa ta. A dasa da ruwa ya zauna, a Yuni ko Yuli, wurin ɗaurin yana sama da ƙasa, kuma a nisanta shi da katanga da masai, don mangwaro na son fili, taku goma tsakaninsa da ɗan'uwansa. Abokan gabarsa a shekarun farko uku ne, kuma duk mun san su: akuya, gara, da rani. Akuya sai shinge na gaske, da ƙaya, ba kara biyu da ɗan tsumma ba, domin dare ɗaya ya ishe ta ta cinye wahalar shekara biyu. Gara kuwa ɗanyen taki da busasshen kara a jikin gindi ke kiranta, a yi amfani da wanda ya ruɓe, a riƙa barbaɗa toka. Rani shi ne babban gwaji. Wanda yake kusa da madatsar Watari ta Bagwai ko yake da fadama, nasa da sauƙi. Na tudu ga shawara: a binne tsohon tulu marar fenti a gefen dashen, bakinsa a waje, a riƙa cika shi a rufe. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali zuwa saiwa, rana ba ta sha ba. Kuma a gidan da ake salla sau biyar, ruwan alwala kaɗai, in aka gyara masa hanya zuwa gindin dashe, ya isa ya raya shi. Na wanki mai sabulu ne ba a so. In bishiya ta girma ta isa haihuwa, a janye mata ruwa bayan kaka, don ƙishin nan da sanyin hunturu su ke sa ta huda. In 'ya'ya sun ɗauru a mayar mata.

Akwai wata masifa da iyayenmu ba su san ta da wannan yawa ba. Ka ɗauki mangwaro lafiyayye a ido, ka yanka, ka tarar da tsutsa. Wani ƙuda ne ɗan asalin Asiya, an fara ganinsa a Afirka a ƙasar Kenya a 2003, cikin shekara biyu zuwa uku ya iso Afirka ta Yamma. Macen ke huda fatar ta zuba ƙwai, tsutsar ta ci ta ƙoshi, mangwaron ya faɗo, ta shige ƙasa ta fito ƙuda. Da saukar ruwa yake yawaita, don haka masu nuna a makare, irin na Inna, su ya fi addaba. Maganin da ya fi araha shi ne tsintuwa. Duk wanda ya faɗo a kwashe shi kullum, a zuba a baƙar leda a ƙulle a bar shi a rana kwana biyu ko uku, ko a binne shi da zurfi. Amma gida ɗaya ba ya iyawa, don ƙuda bai san katanga ba, sai unguwa ta haɗa kai. Kauci kuma, da zarar an hango shi a reshe a sare reshen tun bai bazu ba.

Yanzu in koma kanka, ƙanena mai ƙwayar fiya a takarda. In abin da ya burge ka shi ne ɗan itacen da ake gatsa ya yi ƙaras, mai ruwa da sanyi, to akwai wanda zai yi a ƙasarku, kuma gindinsa na nan a bakin gonarku kana sare shi kowace shekara. Magarya nake nufi. A Indiya an daɗe da zaɓo magarya masu manyan 'ya'ya, irin su Gola da Umran da Seb, wasu sun kai ƙwan kaza. A cibiyar binciken ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, an yi aiki sosai wajen aura su a kan magaryarmu ta daji, har aka sa musu suna tuffar Sahel. Gindin namu ne, ya saba da fari da akuya da wuta, reshen ne baƙo, kuma ba ta daɗewa take fara haihuwa. Ka ga wannan aure ne da ya dace da gidan. Mutanen Maradi sun riga sun nuna wa duniya, tun daga 1983, abin da kututturen da ake rainawa a gona zai iya zama in aka bar masa reshe ɗaya ko biyu aka rene su, abin da suke kira sassaben zamani. Miliyoyin kadada sun sake yin itatuwa ta wannan hanya ba tare da an dasa ba. Wanda ya reni magarya haka, saura taki ɗaya ya yi mata aure.

Ba mangwaro da magarya kaɗai ba. Kowane yaro a ƙauye ya san wace ɗinya ce ta fi zaƙi, wace kanya ce ba ta da bauri, wace tsamiya ce ake iya tsotsa ba a yamutsa fuska ba, wace kuka ce miyarta ta fi yauƙi. Wannan ilimi ne babba, kuma ba a rubuce yake ba. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, abin da ya ba shi sha'awa shi ne yadda mutane suka yi yawa, gonaki suka matsu, amma manomi bai rabu da itatuwan gonarsa ba, kowace da mai ita, kowace da amfaninta. Kakanninmu ba su bar waɗannan itatuwa a banza ba, zaɓa suka yi. Abin da nake gani yau shi ne masu itacen gidajen burodi da masu gawayi suna bin ƙauyuka da injin yanka, kuma bishiyar da ta fi girma, wadda ta fi tsufa, ita ce ta fi kuɗi. Injin ba ya tambayar wace ce mai zaƙi. Ba ina zargin talakan da ya sayar ba, wanda ke da mara lafiya a kwance ba a yi masa wa'azin inuwa. Roƙona ƙarami ne: in ta kama dole a sare, a ba da sanarwar mako biyu, a bar wani ya ɗebi reshe.

Ga hukumomi kuma ina da magana. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, tana da reshe a Bagauda. Muna da hukumar aikin gona ta jihar Kano, KNARDA, da malaman gonarta, muna da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, muna da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero. Raba dashen Kent da Juli abu ne mai kyau, a ci gaba. Amma ina fatan ranar da ɗalibai za su shiga mazaɓun Shanono goma da littafi da wuƙa a lokacin mangwaro, su zauna da tsofaffi mata, su tambayi wace bishiya ce ake ji da ita a garin nan, wa ya dasa ta, yaushe take nuna, su ɗanɗana, su rubuta, su ɗebi reshe. A ware ko kadada ɗaya ce, a dasa kowane iri biyu-biyu, a sa masa sunan garinsa ko na wadda ta rene shi. Kafin hukuma ta motsa, makarantar sakandare ko ta Islamiyya mai rijiya da katanga za ta iya farawa da iri biyar. Yaron da ya koyi aure yana ɗan shekara 14 ya samu sana'a, domin dashen ɗan aure kuɗinsa ya ninka na ƙwallo.

Mai sayen dashe kuma ya buɗe ido. Ni kaina an taɓa sayar mini da guda huɗu a bakin titi da sunan 'yan aure, sai bayan shekaru na gane na ƙwallo ne aka naɗa wa leda. Ka duba tabon haɗin da kyau, za ka ga inda jiki biyu suka sadu, ɓawon ƙasa da na sama ba kala ɗaya ba. Ka tambayi mai sayarwa daga wace bishiya ya yanko. In ya iya kai ka gindinta, ka saya.

To ƙanena, ga aikin da zan ba ka, kuma na makon nan ne, tun 'ya'ya na kan bishiya ana iya ɗanɗanawa. Ka je wurin kakarka, ko wata tsohuwa a unguwarku, ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce Iya, wane mangwaro ne ya fi kowanne a garin nan? Ba za ta yi dogon tunani ba. Ka je gidan ka yi sallama, ka nemi izinin mai shi, ka gaya masa in an dace dashen farko nasa ne. Ka ɗaura jan ƙyalle a reshen da ka zaɓa don kada ka manta. Sannan ka tara ƙwallaye ashirin na mai zare ka shuka a leda a bayan ɗakin nan da ka tanadar wa fiya. Baɗi war haka sun isa aure, ka aiko mini in zo da rezata mu yi na farkon tare.

Jama'a masu sauraro, a nan za mu dakata. Allah ya ba mu damina mai albarka.